Wa Ya Naɗa Musu Rawani?

'Yan'uwana mata, duk ranar 6 ga Janairu Kiristoci da yawa suna bikin tunawa da wasu baƙi da suka je ganin Annabi Isa (AS) yana jariri. A ƙasar Sifen ma sunan bikin Ranar Sarakuna. Tun daren 5 ga wata ake zagaya gari da mutum uku cikin shigar sarauta suna watsa wa yara alewa, yaran kuma su ajiye takalmansu su kwanta, da safe su tarar da kyauta.

To ni wannan sarautar ce ta tsaya mini a rai. A Linjilar Matiyu, sura ta 2, inda labarin yake, masana ne daga gabas suka ga tauraro, suka yi tattaki har Baitalami, suka iske yaron da mahaifiyarsa Maryamu, suka ba da zinariya da lubban da mur. Ba a ce sarakuna ne ba, ba a faɗi yawansu ko sunansu ba. Mutanen baya ne suka ga kyauta uku suka ce ai su uku ne, wasu Kiristocin Siriya kuwa suka ce su 12 ne. Daga baya aka naɗa musu rawani, aka raɗa musu suna. A 1164 har aka ɗauko ƙasusuwan da ake cewa nasu ne daga Milan zuwa Kolon ta Jamus, aka ƙera musu akwati mai ado da zinariya.

Na san malamansu suna kafa hujja da Zabura, inda aka ambaci sarakuna masu kawo kyauta, kuma ba addinin kowa na zo taɓawa ba. Halinmu na 'yan'adam nake ƙorafi a kai, da ba ma ganin girman kyauta sai mun ji muƙamin mai ita. Sarki ɗaya tak ke mulki a labarin nan, Hirudus, shi ne kuma ya nemi kashe jaririn.

Ke uwargida, duba abin da muke yi ranar barka. Hajiya ta aiko direba da turmin atamfa biyu, ko leƙowa ba ta yi ba, sai a ɗaga ana guɗa. Maƙwabciyar da ta kwana bakwai tana hura wutar ruwan wanka ta kawo sabulu sanda ɗaya, sai a tura shi ƙarƙashin gado. Haba jama'a! Shi ya sa wata take cin bashin 'yar adashi don kar a raina ta, wata kuma kunya ta hana ta zuwa sam, zumunci ya mutu a kan tsumma.

Waɗancan baƙin, tafiyar da suka sha ita ta fara nuna darajar yaron kafin su kwance kayansu. Don Allah in kin haihu, wadda ta tako da ƙafarta ki shimfiɗa mata tabarma a ƙuryar ɗaki, ki yi mata godiya a gaban kowa, ko da hannu biyu ta zo.