Daga Zaure: Fenti Sai da Ɗari

Bukukuwa sun wuce. An yi Ranar Ƙasa ta Katar ran 18 ga Disamba, yara sun gama hutun tsakiyar shekara, baƙi sun watse. Yanzu ko wane maigida a Doha ya dubi bangon ɗakinsa zai ga abin da aka bar masa: sawun hannun yara, maiƙon girki, wurin da kujera ta goge. Mu kuwa da mu ke zaune da almajirai, har da tawada. To, wanda ya yi niyyar fenti ya yi shi yanzu, kada ya bari sai zafi. Ga dalili.

Ɗanyen fenti yana fitar da tiriri mai sa ciwon kai da jiri da tari, kuma maganinsa ɗaya ne, watau a buɗe tagogi iska ta ratsa kwana biyu ko uku. A Doha ba ko yaushe a ke iya buɗe taga ba. Cikin Yuli da Agusta zafi ya kan wuce digiri 40, ga gumin teku. Zafin nan ne ya sa hukuma ta yi doka a 2021, ta hana aiki a waje daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. A lokacin nan ko wane ɗaki a rufe ya ke, na'urar sanyi tana ta juya iskar da ke ciki. Amma cikin Janairu da Fabrairu rana ba ta cika wuce digiri 22 ko 23 ba, dare kuwa wajen 14. Taga ta wuni a buɗe, ba wanda zai wahala.

Mun ga wannan da idonmu. Wani ɗan'uwa a Mansura ya yi wa ɗakinsa fentin mai cikin Agusta don matarsa za ta dawo da jariri. Aka gama da la'asar, aka rufe ko ina, aka kunna na'ura, suka kwana ciki. Kafin asuba jariri na tari, uwa na amai, sai asibiti. Allah ya kiyaye, amma sun yi mako a ɗakin maƙwabta.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Iyayenmu a ƙasar Hausa ba su taɓa gini sai an gama kaka. Da hunturu a ke yaɓe, a yi daɓe, mata su shafe ɗaki da farar ƙasa tun damina ba ta zo ba. Sun san ko wane aiki da lokacinsa. Mun canja gari, amma hankalin bai tsufa ba.

Sa'an nan ga abin da ya fi tiriri haɗari, watau dalma. Wasu fentin mai, tun ba tsofaffi ba, akwai dalma cikinsu. In bango ko ƙofa ya fara ɓarewa, yaro mai rarrafe ya kan tsinci ɓawon ya kai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma da ba shi da lahani ga yaro, tana dakushe ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Mun san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Malamin da ya ga yaro na fama da hadda ba ya wasa da wannan magana. Sabo da haka kada a goge tsohon fentin mai da samfefa a bushe yara na gida. A jiƙa wurin tukuna, a goge ƙasa da ɗanyen tsumma. In za a saya, a nemi fentin ruwa, a karanta jikin gwangwani. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan.

Sauran aikin mai sauƙi ne. A fara neman izinin mai gida, don yawancinmu haya mu ke, a kuma samu izinin a rubuce, har da launin da ya yarda da shi, don kada a riƙe kuɗin ajiya ran tashi. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. A duba ƙarƙashin na'urar sanyi: in akwai ɗigo ko fumfuna, a gyara bututu tukuna, in ba haka ba sabon fenti zai kumbura kafin wata ya ƙare. A sauke alluna da duk wani rubutu mai alfarma daga bango, a adana. Lita ɗaya ta kan shafe kamar mita 10 murabba'i. Ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4, tsayinsa mita 3, zai ci kamar lita 9 in an shafa sau biyu. A bar shafi na fari ya bushe sosai kafin na biyu. Ran da iskar shamal ta taso da ƙura kuwa, a dakata, don za ta manne a ɗanyen bango.

Kada kuma a manta da mai fentin. Sau da yawa ɗanmu ne daga Nima ko Kumasi, ya zo neman halali. Shi ya fi kowa shaƙar tiririn. A buɗe masa taga, a ba shi abin rufe hanci, a yanke lada tun kafin ya buɗe gwangwani, a biya shi ran da ya gama.

Ɗari a Doha gajere ne, daga Afrilu zafi ya dawo. Wanda ɗakinsa ɗaya ne ya yi magana da maƙwabci tun yanzu, yara su kwana can dare uku, in nasa ya zo a rama masa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.