Wa Zai Ƙidaya Masu Sanƙarau a Sakkwato?

Da zarar hunturu ya ja baya, zafin bazara ya kunno kai, mutanen Sakkwato sun san baƙon da ake fargaba, wato sanƙarau. A shekarar 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, galibi a Arewa, ya kashe sama da 11,000. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a 2011 ta karya lagon nau'in ƙwayar cutar da ake kira A. Sai wani nau'in, C, ya ɓulla a jihar Sakkwato a 2013, kuma a 2017 ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina, inda rayuka fiye da 1,000 suka salwanta.

Likita majinyacin da ke gabansa yake gani. Ita kuwa annoba a lissafi take bayyana. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, idan cikin mako guda mutum 3 cikin kowane 100,000 suka kamu a wani yanki, a shiga shiri. Idan sun kai 10, annoba ta tabbata. To, wa zai bi asibitocin karkara ya tattara adadin, ya auna shi da yawan jama'a, ya tabbatar an gwada ruwan gadon baya don a gane nau'in? Wannan aikin masanin yaɗuwar cututtuka ne da abokin tafiyarsa, masanin ƙididdiga. Kuskurensu babba ne, domin rigakafin A ba ya kare mutum daga C.

Tun 2008 Nijeriya ta soma shirin horar da irin waɗannan masana, tare da Jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan. Abin yabo ne, amma bai wadatar ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na koyar da likitanci da likitancin dabbobi da lissafi, ga kuma asibitin koyarwa. Babu dalilin da zai sa Sakkwato ta zauna jiran masani daga nesa. Haka nan ƙwayar cuta ba ta tsayawa a kan iyakar Illela da Birnin Ƙonni: nau'in C ɗin nan ya addabi Yamai a 2015, don haka ya kamata a horar da ɗaliban Nijar tare da na Nijeriya.

Horon kuwa daga sakandare yake farawa. Malamin lissafi da zai koyar da kashi cikin ɗari, ya gwada ba ɗalibansa adadin masu sanƙarau na mako-mako, su zana jadawali, su gano da kansu makon da adadin ya tsallake ma'aunin 10.