Fentin Mota da Inuwar Yara: Gatari Ba Magani Ba Ne

'Yan'uwa malamai, a zangon karatun da ya gabata an sare itatuwan darbejiya uku a harabar ɗaya daga cikin makarantunmu na firamare. A ofis aka yanke musu hukunci, laifinsu kuwa shi ne tsuntsaye suna kwana a kansu, suna ɓata fentin motocin da ake ajiyewa a ƙarƙashinsu. Da maganar ta tsaya a nan, da mun yi shiru mun bar wa Allah. To amma mun fara jin ana yaba wannan aiki a wasu makarantun, har ana cewa a yi koyi da shi. Saboda haka ya zama dole mu yi magana tun kafin gatari ya zagaye yankin nan.

Mu fara da yi wa masu koken adalci, domin kokensu gaskiya ne. Mun san yadda malamin firamare yake mallakar mota. Ta hannu ce, an saye ta da kuɗin adashe ko da bashin da ake yanka daga albashi wata bayan wata. Ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ce kuma kadarar da za a sayar ranar da wata larura ta taso. Motar da fentinta ya yi dabbare-dabbare ta rage daraja a kasuwa, kuma kowa ya san abin da mai fenti yake karɓa a yau. Haka abin yake ga masu babur, waɗanda tankinsu da sirdinsu ke shan irin wannan ɓarna. Wanda ya ce wannan ƙaramin abu ne bai taɓa biyan bashin mota da albashin malami ba.

Amma tun da koyarwa ce sana'armu, ya kamata mu san cutar kafin mu rubuta magani. Tsuntsu ba ya fitsari dabam kamar akuya ko tunkiya. Farin abin nan da muke gani a cikin kashinsa shi ne madadin fitsarinsa, sinadari ne da ake kira yurik asid, kuma ba ya saurin narkewa a ruwa. Fentin mota kuwa hawa-hawa ne, na samansa wani shafe ne garai-garai mai ba da sheƙi, wanda kaurinsa bai kai na takardar littafin rubutu ba. Idan kashin ya faɗa a kan bonet ko rufin mota, rana ta buɗe, ƙarfen yakan ɗauki zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Shafen nan sai ya yi laushi ya buɗe, shi kuma kashin ya bushe ya ƙanƙame. Da yamma ta yi, fentin ya huce, sai ya sake tsukewa da siffar abin da ke manne a kansa. Wannan ne tabon da yake zama ko bayan an wanke motar. Ƙari a kan haka, a cikin kashin akwai tsakuwa da ɓawon 'ya'yan itace, don haka wanda ya kankare shi a bushe da farce ko da busasshen tsumma, da hannunsa ya karce motarsa.

Wanda ya fahimci wannan ya gane cewa daɗewar kashin a kan fenti cikin rana ita ce ke kawo ɓarnar. Maganin kuwa bai fi ƙarfin kowa ba. A riƙa ajiye gorar ruwa da tsumma mai laushi a cikin mota. Da an ga kashi, a jiƙa tsumman sharkaf, a ɗora a kansa na 'yan mintuna har ya yi laushi, sannan a ɗauke shi a hankali ba tare da gurzawa ba, a ɗauraye wurin, a kuma wanke hannu da sabulu. A guji wanke mota da omo ko soson ƙarfe, domin suna cinye sheƙin fenti. A riƙa shafa mata man goge mota mai kaki sau biyu ko uku a shekara, wanda zai zama shamaki tsakanin fentin da ƙazanta. Wanda ya sayi mayafin mota ya tabbata ya kakkaɓe ƙura kafin ya rufa, musamman lokacin hunturu, don kada iska ta riƙa goga ƙurar a jikin fentin. Kafin a ajiye mota kuma a dubi ƙasa. Inda aka ga fararen ɗigo sun yi yawa, nan ne makwancin tsuntsaye, sai a matsa gaba, haka ma ƙarƙashin wayar lantarki. Wanne ne a cikin waɗannan yake bukatar gatari?

Yanzu mu ɗora abin da aka sare a ɗaya gefen sikeli. A makarantar firamare, masu mota nawa ne? Sau da yawa ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Masu amfani da inuwar kuwa ɗaruruwa ne. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a yawancin garuruwan Arewa, ƙarƙashin itacen nan ne yara suke fakewa idan an fita tara. Nan ake taron safe, nan mai ƙosai da mai awara suke zama, nan iyaye suke jiran 'ya'yansu. A makarantun da iska ta yaye rufin aji, itacen nan shi ne ajin kansa, jikinsa ake jingina allo. Darbejiya takan ɗauki shekaru kafin ta yi inuwar da za ta ɗauki aji guda, amma zarto mai inji ba ya bukatar ko sa'a ɗaya ya kwantar da ita. Wani malami ne da ya riga mu ya dasa ta, ya sa yara suka yi ta ba ta ruwa da gwangwani, bai kuma dasa ta don motar kowa ba.

Akwai kuma abin kunya a cikin lamarin. Mu ne muke tsayawa gaban allo muna koyar da illar kwararowar hamada. Mu ne muke gaya wa yara cewa tun shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, kuma jihohi 11 na Arewacin Nijeriya suna cikinsa. Yaron da ya ji wannan da safe, ya leƙa taga ya ga kututture uku a inda ya saba zama, wane darasi zai riƙe? Yara sun fi koyon abin da muka aikata a kan abin da muka rubuta da alli.

Wasu sun ce to a bar itatuwan, a kashe tsuntsayen da danƙo ko da guba. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Guba a harabar da ƙananan yara suke tsintar abu a ƙasa su kai baki, ganganci ne. Balbelar da muke tsana kuwa ita ce ke bin shanu da gonaki tana cinye fara. A shekarar 1958 ƙasar Sin ta ƙaddamar da yaƙi a kan gwarare, bisa zargin suna cin hatsi. Da tsuntsayen suka ƙare, sai fara da sauran ƙwari suka yi wa gonaki rubdugu, abin ya ƙara tsananta yunwar da ta biyo baya, har hukuma ta janye umarnin. Ba mu da bukatar maimaita kuskuren da wasu suka riga suka biya kuɗinsa.

Abin da muke kira gare shi a bayyane yake. Na farko, reshen ƙungiyarmu ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya nemi a hana sare kowane itace a harabar makaranta sai da amincewar kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma sai idan itacen ya zama haɗari ga rai ko gini. Na biyu, inda reshe ya yi tsawo a kan wurin ajiye ababen hawa, a sassabe reshen kawai. Na uku, kowace makaranta ta keɓe wuri nesa da makwancin tsuntsaye, a kafa rumfar kwano ko ta zana. Kuɗin rumfar nan kada ya fito daga asusun gyaran aji ko na alli. Mu masu motoci da babura mu za mu haɗa, kamar yadda muke haɗa adashe, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, a makarantar da aka riga aka yi ɓarna, a dasa biyu a madadin kowane ɗaya da zarar damina ta sauka, kuma waɗanda suka ba da umarnin saran su ne za su fara riƙe bokitin ban ruwa.

Ba mu rubuta wannan don tozarta kowa ba. Waɗanda suka yi saran 'yan'uwanmu ne, ciwon da ya dame su mu ma yana damunmu. Sai dai fenti idan ya lalace akwai mai fenti a bakin kasuwa, inuwar da aka sare kuwa yaran da ke aji ɗaya a yau za su gama firamare ba su sake zama a cikinta ba. Muna roƙon kowane wakilin makaranta ya zo taron reshe mai zuwa da adadin itatuwan da ke harabarsu, domin mu san amanar da ke hannunmu. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.