A Bar Gatarin Aradu Da Dattinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san gatarin aradu, ko dai ya gan shi da idonsa, ko kuwa ya ji labarinsa a bakin manya. Ɗan dutse ne mai sulɓi, da kaifi a gefe guda kamar ruwan gatari. Manomi kan ci karo da shi wajen huɗa, ko a bakin rafi bayan ruwa ya zaizaye ƙasa. Bahaushe ya ɗauka aradu ce take jefo shi, saboda haka bokaye kan ajiye shi cikin kayan magani. Yarabawa ma sun danganta shi da Sango, haka kuma mutanen Turai sun daɗe suna kiransa dutsen tsawa, kafin wani likitan Italiya, Michele Mercati, wanda ya rasu a 1593, ya rubuta cewa irin waɗannan duwatsu aikin hannun mutum ne. Yau an tabbatar cewa gatari ne na mutanen da, waɗanda suka sassaƙa shi, suka wasa shi a kan wani dutse, suka yi masa ƙota, suka sare daji da shi.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, ɗaliban Hausa su ne suka fi kowa shiga ƙauyuka neman tatsuniyoyi da waƙoƙi da tarihin baka, kuma a irin wannan yawo ne wani dattijo zai miƙo wa ɗalibi gatarin aradu ko tsohon dutsen niƙa. Abin da ya fara zuwa zuciyar ɗalibin shi ne ya wanke shi tas, ya sa a kan teburi. Ra'ayin wannan maƙala kuwa shi ne, wankin nan ɓarna ne.

Abin Da Ke Jikin Dutsen

Dutsen da ya shekara dubbai a ƙasa ba ya fitowa yadda ya shiga. A ƙasar Kano, inda jar ƙasa da marmara suka yawaita, yakan fito da jan tabo irin na tsatsa, domin akwai tama cikin ƙasar, ruwa kuwa yana narkar da ita yana shafa wa dutsen. A wasu wurare yakan fito da farin ɓawo mai tauri, irin wanda yake kama cikin butar shayi idan an daɗe ana dafa ruwan rijiya. Wani lokaci kuma baƙin ɗigo-ɗigo ake gani.

Mai gaggawa datti kawai yake gani. Shi kuwa masanin kayan tarihi yana karanta abubuwa uku a nan. Na farko, launin tabon yana nuna irin ƙasar da dutsen ya kwanta a ciki, watau ko jigawa ko fadama. Na biyu, shi wannan farin ɓawo a wasu lokuta ana iya auna shekarunsa a ɗakin bincike, a san cewa dutsen ya girme shi. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, a ƙarƙashin dattin ne sawun aiki yake ɓoye. Wani masanin Rasha, Sergei Semenov, ya nuna cikin littafinsa na 1957, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1964, cewa idan aka duba bakin makamin dutse da madubin ƙara girma, za a ga ƙananan zane-zane da sheƙi da ke bambanta wanda ya sare itace da wanda ya jeme fata ko ya yanki ciyawa.

Daɗin daɗawa, ragowar abincin kansa yakan maƙale cikin ramukan dutse. A 2009 Julio Mercader ya ba da rahoton samun ƙwayoyin sitaci na dawar daji a jikin kayan dutse daga kogon Ngalue na ƙasar Mozambik, masu shekara kusan 100,000. A nan gida kuma, a 2021, masana daga jami'o'in Bristol da Frankfurt suka gano alamar kakin zuma cikin katangar tukwanen Nok, abin da ya nuna ana cin zuma a wannan yanki tun shekara 3,500 da suka wuce. Abin da kan shiga kwata tare da ruwan wanki ke nan.

Ɓarnar Wanki

Kayan da aka saba kankare tukunya da su, su ne suke kashe wannan shaida. Soson waya yana goge tsohon zane ya kafa sabo, har masani ya kasa rarrabe aikin mai gatari da aikin mai wanki. Ruwan lemon tsami da tsamiya da ruwan batir suna cinye farin ɓawon nan, sa'an nan mai ƙarfin cikinsu ya shiga cin fuskar dutsen, ya sauya masa launi. Sabulu da toka suna kwashe maiƙo da sitaci. Wanda ya shafa man gyaɗa ko basilin don dutsen ya yi ƙyalli, ya ƙara masa maiƙon da zai ruɗe duk wani awo na gaba. Garin neman gira an rasa ido. Rubutun da ya ɓaci ana sake shi, waƙar da aka naɗa ba daidai ba ana komawa wurin mawaƙi, amma fuskar dutsen da aka kankare ta tafi ke nan har abada.

Wannan magana ta fi nauyi a wuri irin Watari. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jingine da gona, ana nome ta kowace damina, ga kuma noman rani da madatsar ruwan Watari ta Ɓagwai ta kawo. A irin wannan ƙasa garma ta riga ta juya yawancin abin da ke kusa da sama, ta raba shi da gawayi da katanga da ƙasusuwan da za a auna shekarunsa da su. Siffar gatarin kaɗai kuwa ba ta isa ta faɗi zamaninsa ba, domin a Nok an ci gaba da aiki da gatarin dutse har bayan an san narkar da tama. Saboda haka ɗan abin da ya rage a jikinsa na iya zama shaidar da ta saura. Awon gawayi ya nuna ana narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, amma labarin waɗanda suka fara sare dajin ƙasar Kano yana jikin irin waɗannan duwatsu.

Hujjar Masu Wanki

Wani zai ce, ai tsabta cikon addini ce, kuma kayan da ke cikin gilashi a Gidan Makama na Kano, ko a gidan tarihi na Jos da Bernard Fagg ya kafa a 1952, ba cikin laka ake nuna su ba. Wannan gaskiya ne. Har ma akwai dutsen da gishirin ƙasa yake farfasa shi, wanda dole a tsame masa gishirin kafin ya zauna lafiya. To, amma fa ƙwararre yakan ɗauki hoto, ya auna, ya ɗebi samfur ya ajiye, sa'an nan ya fara da buroshi mai laushi da ruwa tatacce, yana rubuta duk abin da ya taɓa. Ba ya kai ga ruwa mai tsami sai ya san irin dutsen, kuma sai ya ga babu makawa. Wanzami ma yakan duba jijiya kafin ya sa aska.

Har wa yau, akwai abin da ya shafi ɗalibin al'ada kai tsaye. Gatarin da ya fito daga jakar boka ya yi rayuwa biyu: ta farko a hannun wanda ya sassaƙa shi, ta biyu a hannun Bahaushen da ya mayar da shi magani. Hayaƙi da maiƙon hannu da duk abin da aka shafa masa, tarihin al'adar Hausawa ne, wanda sashen Hausa ya fi kowa hakkin kiyayewa.

Kammalawa

Abin da ya kamaci ɗalibin da aka ba irin wannan dutse kaɗan ne. Ya bar shi ya bushe a inuwa da ƙasarsa, ya rage taɓa shi, ya sa shi shi kaɗai cikin jaka mai tsabta. Ya rubuta sunan ƙauye da gona da ranar da aka tsince shi, da zurfin wurin, da abin da aka gani kusa da shi, da sunan da mutanen wurin suke kiransa, da abin da suke yi da shi. Kada ya shiga tono don neman wani, kada kuma ya saya ko ya sayar, domin dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana yin haka ba da izini ba. Daga nan sai ya kai shi Gidan Makama, ko sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Su kuma malamai, ya kyautu su sa wannan gargaɗi cikin darasin dabarun bincike, kafin a sallami ɗalibai zuwa ƙauye. Yadda ba a gyara wa tsohuwa karin harshenta idan ana naɗar tatsuniya, haka nan bai kamata a gyara wa dutse fuska ba tun masu sani ba su gama yi masa tambaya ba.