Sabo ta haura shekara ɗari, ina takardunmu?



Kwanan baya aka rushe wani tsohon gida a unguwar nan don a gina shaguna. Ba mu da ja da ginin, kowa da ikonsa a kan gadonsa. Abin da ya ƙona mana rai shi ne akwatin ƙarfen da aka fito da shi daga ɗakin marigayin: littattafan bashi da ajami, wasiƙun fatake, rasiɗan jirgin ƙasa. Magada suka duba ba su ga takardar fili ba, suka ce tarkace ne. Akwatin ya tafi wajen 'yan gwangwan, takardun kuma wuta ta ci. Da muka yi magana sai aka ce mana tarihi ba ya cika ciki.

To, da masu wannan magana muke yau.

A shekarar 1916 aka yanka wa Hausawa wannan wuri kusa da Mokola. Kafin nan kakanninmu a cikin gari suke, a gidajen Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, bayan kamar shekara goma ya kai Kano, hanya ta buɗe: shanu su gangaro kudu, goro ya hau arewa. Yara nawa ne a Sabo suka san wannan? Tambayi saurayin da ke canjin dala a bakin titi me ya kawo kakansa Ibadan, zai ce maka kasuwanci. Wane kasuwanci? Shiru.

Kuma ba ƙaramin abu aka gina ba. Bafatake ya taso da shanu daga arewa, ya iso ƙasar da ƙudan tsando ke saka wa dabba sammore, dole ya sayar da wuri. Mahauta Yarbawa ba su da kuɗi a hannu, sai bashi. Wa zai tsaya? Maigida. Shi zai sauki baƙo, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya san mahaucin da ke biya da wanda ke gudu. In bashi ya maƙale, wuyansa ne. Goro ma haka: a tsince shi, a jera cikin ganye, a ɗaure huhu, a tura arewa kafin ya lalace, kuɗin su dawo bayan makonni. Babu banki, babu lauya, amana ce da sanin juna. Littattafan da aka ƙona ɗin nan, shaidar wannan amana ce.

Abin kunyar shi ne, mai son sanin wannan dalla-dalla yau sai ya nemi littafin Bature. Abner Cohen ya zauna da mutanenmu a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya kawo yadda ɗarikar Tijjaniyya ta kafu a unguwar, da yadda Sabo ta tsayar da Juma'arta daban a farkon shekarun 1950. Mun gode masa. Amma shi da idon kasuwa da siyasa ya kalli ɗarikar, ya ɗauke ta hanyar kare ciniki. Malamanmu da suka yi wazifa a zawiyoyin nan ba haka za su faɗa ba. Ina amsarsu a rubuce? Shekara hamsin da ɗoriya ɗalibai a jami'o'in duniya suna karanta mu ta bakin mutum ɗaya.

Masu cewa tarihi ba ya cika ciki su tuna watan Fabrairun 2021 a kasuwar Shasha. Rai ya salwanta, shaguna sun ƙone, mutane suka hau tirela suka nufi arewar da wasunsu ba su da ko ɗaki a cikinta. A irin wannan rana kalma ɗaya ake jifanmu da ita: baƙi. Ita ce kuma ke jiran ɗanmu in ya je neman takardar shaidar asali, alhali shi da ubansa da kakansa duk a nan aka yanke musu cibiya. Ba mu ce tsohuwar wasiƙa za ta kashe gobara ba. Amma wanda ke riƙe da rasiɗin harajin kakansa ba tsayuwa ɗaya yake yi a gaban hukuma da wanda ke cewa "an ce" ba.

Wasu kuma cewa suke gidanmu arewa ne, nan zaman nema muke. Zaman nema na shekara ɗari? Ku je maƙabarta ku ƙirga.

A yankin Burgundi na Faransa akwai ƙauyukan da sana'arsu noman inabi ne da yin giya. Mu ba ruwanmu da giya, Allah ya tsare mu. Amma mutanen sun adana sunan kowace gona da iyakarta tun ɗaruruwan shekaru, har UNESCO ta sa gonakin cikin kayan tarihin duniya a 2015. Su sun riƙe tarihin abin da muke ƙyama, mu muna ƙona na halal ɗinmu.

Ba kuɗi ne babu ba. Mun ga abin da ake kashewa a naɗin sarauta da ankon biki. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana cikin Jami'ar Ibadan, kuɗin mota ɗaya daga Mokola, kuma muna da 'ya'yan da suka gama wannan jami'a. A tura biyu su nemo abin da Turawa suka rubuta a kan Sabo. A ware ɗaki ɗaya mai makulli. Matasa su ɗauki wayar da suke TikTok da ita su zauna gaban tsofaffin dillalai, da tsofaffin matan da suka yi sana'ar tuwo da fura daga cikin kulle, a naɗi muryarsu tun suna iya magana.

Duk wanda ke da tsohuwar takarda a gida, ko da ba ya iya karanta ta, kada ya ƙona. Ya kawo a ɗauki hotonta, ya koma da abinsa.