Ƙuri'ar wanda ya tafi bida

Da an gama girbi, samarin Damargu sai su ɗauki hanya. Daga Tenhiya, Tanut da Balbeji wasu su nufi Kano, wasu Aljeriya, wasu Libiya. Makiyaya kuma su kora dabbobi kudu, wani lokaci har su ƙetare iyaka. Kuɗin da masu bida ke aikowa su ne ke sayen hatsi da dusa in rani ya yi tsanani. To, mutumin da ke ciyar da gida daga nesa, yana da bakin magana wajen zaɓen shugaban ƙasa?

Abin da aka yi a baya

Nijar tana da jihohi 8. 'Yan ƙasa mazauna waje kuwa, ana yi musu laƙabi da jiha ta tara. A zaɓen 21 ga Fabrairu 2016 sun jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa a ƙasashen da suke zaune. An kuma ware musu kujeru 5 daga cikin 171 na majalisar dokoki.

A zaɓen 27 ga Disamba 2020 abin bai yiwu ba. Annobar korona ta sa an rufe iyakoki, hukumar zaɓe ta CENI ba ta samu yi musu rijista ba. Zagaye na biyu ma, ran 21 ga Fabrairu 2021, ya wuce ba da su ba. Sai ran 18 ga Yuni 2023 suka zaɓi wakilansu 5. Ran 26 ga Yuli na wannan shekara sojoji suka karɓi mulki, aka jingine tsarin mulki, majalisa ta watse. A watan Maris 2025 aka rantsar da Janar Abdurahamane Tiani shugaban ƙasa na shekara 5.

Yadda maƙwabta suke yi

Mali da Sanigal sun daɗe da barin mutanensu na waje su zaɓi shugaba. Sanigal ma tun 2017 ta ba su kujeru 15 a majalisa. Najeriya kuwa ba ta yarda ba: a watan Maris 2022 majalisarta ta ƙi amincewa da wannan gyara.

Masu goyon baya suna cewa nisa ba ya raba ɗa da uwa tasa. Masu ja da baya suna cewa aikin yana cin kuɗi, kuma sa ido a kan akwati a ƙasar wani yana da wuya.

Inda gizo ke saƙa

Ƙuri'a tana bin rijista. Inda aka rubuta sunan mutum, can ne akwatinsa. A zaɓukan baya, mazaunin waje yakan rubuta sunansa ta hannun ofishin jakadanci, kuma sai ya nuna takardar shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne.

Ɗan cin rani shi ne ya fi faɗawa tsakani. Sunansa yana gida, shi kuwa yana waje. A duba kwanakin da aka ambata: Disamba da Fabrairu, daidai lokacin da garuruwa suka zama na tsofaffi da mata da yara. Makiyayin da ya bi ciyawa nesa da rijiyarsa, shi ma haka nan.

Abin yi tun yanzu

Ba a san ranar zaɓe mai zuwa ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda aka yi wa haihuwa, ya kai labari ma'aikatar magajin gari da wuri, a yi wa jariri takarda. Babban da ba shi da ita ya nemi ta alƙali. Wanda ya kai shekara 18 ya yi katin ɗan ƙasa kafin ya hau mota. Wanda ya zauna waje ya je ofishin jakadanci a san da zamansa.

Takardar nan ba don zaɓe kawai ba ce. Ita ce ke fid da matafiyi a shingen hanya, ita ce ke sa a san danginsa in wani abu ya same shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, a bakin rijiya ko a kasuwa.