Kada a Kulle Mai Gadi a Cikin Ɗakin da Yake Gadi

Wata safiyar Litinin, bayan an kwana biyu babu wutar lantarki, aka kira ni daga wani ofishi a yankin Gumel. An tayar da janareto, sabar ta kama, amma babu wanda ya iya shiga manhajar da ke sarrafa ta. Jami'in kwamfuta na ofishin, wani saurayi ɗan Sule Tankarkar, ya yi ta rubuta kalmar sirrinsa, manhajar tana cewa ba ta san shi ba. Jadawalin albashi yana cikin sabar, ga wata ya kusa ƙarewa. Shugaban ofishin har ya yanke hukunci cewa yaron ya manta kalmar sirri. Alhali bai manta ba.

A yau sabar guda takan ɗauki kwamfutoci da yawa na kwaikwayo a cikinta, kowace da aikinta, ana sarrafa su da manhaja irin su vCenter ta kamfanin VMware ko Proxmox. A yawancin ma'aikatu manhajar ba ta riƙe sunayen ma'aikata da kanta. Takan tambayi wani kundin sunaye na daban, galibi Active Directory na Microsoft, wanda ya fito tare da Windows 2000, ta hanyar ƙa'idar da ake kira LDAP. Idan kundin bai amsa ba, sai manhajar ta ƙi mutum, saƙon da za ta nuna kuma sau da yawa bai bambanta da na wanda ya yi kuskuren rubutu ba.

A wannan ofishi, shi kansa kundin yana zaune ne a ɗaya daga cikin kwamfutocin kwaikwayon, kuma ba a saita shi ya tashi da kansa idan wuta ta dawo ba. Wato mai gadi yana kulle a cikin ɗaki, mabuɗi yana aljihunsa. Akwai ƙofar baya da aka tanada domin irin wannan rana, asusun cikin gida da bai dogara da kundin ba, wanda a vCenter sunansa administrator@vsphere.local. Sai dai ɗan kwangilar da ya kafa sabar ya koma Kano da kalmar sirrin, ba a same shi ba sai bayan la'asar.

Ko da kundin yana aiki, akwai abubuwa uku da ya kamata a duba kafin a zargi kowa. Na farko agogo: tsarin tantancewa na Kerberos, wanda Active Directory ke amfani da shi, yakan ƙi shiga idan agogon na'urori biyu ya saɓa da fiye da minti 5, matuƙar ba a sauya saitin asali ba. Sabar da ta daɗe a kashe, ƙaramin batirin agogonta ya yi rauni, takan farka da lokacin da ba daidai ba. Na biyu suna: manhajar tana neman kundin ne ta DNS, kuma sau da yawa DNS ɗin yana kan na'ura ɗaya da kundin, idan ɗaya ya faɗi ɗayan ya bi shi. Na uku takardar shaida: haɗin da aka ɓoye sirrinsa yana bi ta ƙofa mai lamba 636, saɓanin 389 ta buɗaɗɗen haɗi, kuma yana buƙatar takardar da ke da ranar ƙarewa. Ranar da ta ƙare, ƙofar takan rufe ba tare da sallama ba.

Ra'ayina shi ne, waɗannan ba matsalolin mantuwar ma'aikaci ba ne, matsalolin tsari ne. An ƙera manhajojin nan da tsammanin wuta ba ta yankewa. Mu kuwa da ke ƙarƙashin KEDCO mun san halinmu, kuma ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohin arewa da yawa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Jigawa ta fara harkar nan da wuri, tun lokacin da gwamnatin Saminu Turaki ta kafa kamfanin Galaxy da cibiyar Informatics ta Kazaure a farkon shekarun 2000. Sayen na'ura bai taɓa gagararmu ba. Abin da ya rage shi ne rubuta yadda za a tashe ta.

Wasu za su ce a yar da kundin gaba ɗaya, a raba wa kowa kalmar sirri guda a huta. Wannan shi ne mafi muni. Ranar da aka taɓa lissafin albashi ko sakamakon ɗalibai, ba za a san hannun wa ya taɓa ba, kuma wanda aka sauya wa wurin aiki zuwa Maigatari ko Gagarawa zai tafi da mabuɗin. Wasu kuma sun koma Proxmox tun bayan da Broadcom ta sayi VMware a Nuwamban 2023 ta sauya tsarin lasisi. Sauyin yana iya rage kashe kuɗi, amma ba ya fitar da mai gadi daga ɗaki.

Abin da nake ba shugabannin ofisoshi shawara a kai ba ya cin kuɗi da yawa. A ajiye kundi na biyu a kan wata na'ura daban. A rubuta kalmar sirrin asusun cikin gida, a rufe ta a ambulan, a sa a akwatin ajiya, mutum biyu su san da ita, a sauya ta duk lokacin da aka buɗe. A tsara jerin tashi: kundi da DNS tukuna, sannan sauran. A rubuta ranar ƙarewar takardar shaida a kalandar ofis. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya miƙa mabuɗai, an kashe sabar a gabansa an sake tayar da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar biyan albashi ba ranar neman ɗan kwangila a waya ba ce.